Ƙirjin Kawu a Ƙarƙashin Kwando

Tun ina yaro ƙafata ba ta san zama ba. Inna takan ce ko tuwo a tsaye nake ci. Da aka kawo ni makarantar kwana a Gumel daga ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, sai na tarar da wasan da kamar don ni aka ƙirƙiro shi: ƙwallon kwando. Filin namu daɓen ƙasa ne a bayan ɗakin cin abinci, zoben kwandon kuwa wani maƙeri ne ya lanƙwasa mana shi, ya ɗan karkace hagu. Ban yi shekara biyu ba na zama abin kallo. Gajere ne ni, amma in na sunkuya da ƙwallo ina buga ta da ƙasa, sai dai a ga wucewata. Yaran gari har katanga suke hawa bayan la'asar, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Mutum ɗaya ne ya hana ni sakat, shi ne Kawu, ƙanen Inna, autan ɗakinsu. Ya girme ni sosai, amma kiwo ya riƙe shi, bai shiga boko da wuri ba, shi ya sa muka haɗu a makaranta ɗaya. Dogo ne na ban mamaki. A daji ba ya bukatar ƙugiya in zai kakkaɓo wa awaki 'ya'yan gawo daga ƙananan rassa, hannu kawai yake miƙawa. Ba ya gudu, ba ya iya jifa daga nesa. Aikinsa ɗaya: ya tsaya a gindin kwando, duk ƙwallon da ta taso ya make ta. Shi ya goya ni ina jariri, shi ya fara ɗora ni a kan jaki. A makaranta ma ni nake ɗebo masa ruwan wanka, kuma kullum da safe sai na durƙusa na gaishe shi kafin in wuce aji.

To, sai aka ce za a je Kano gasar makarantu, domin a lokacin duk muna jihar Kano. Ni kuwa ban taɓa wuce tashar Gagarawa ba. Motocin da ke fitowa daga Maigatari su miƙe kudu, nakan bi su da ido har su ɓace, raina yana binsu. Malamin wasanninmu, mutumin kudu ne mai karyayyar Hausa, ya ce Kawu kam ya riga ya samu wuri. Ni kuwa sai in ya ga zan iya cin dogo, domin a Kano kowace makaranta tana da irinsa. Ya ware ranar gwaji, ya sa ni a ɓangare ɗaya, Kawu a ɗayan.

Babu dabarar da ban gwada ba kafin ranar. Na jefa ƙwallo sama can don ta tsallake yatsunsa, ya taɓo ta. Na kutsa ta ƙarƙashin allon da kwandon ke jikinsa in ɓullo ta ɗaya gefen, na tarar hannunsa ya riga ni zuwa. Na yi kamar zan tashi in ruɗe shi, ya tsaya yana kallona kamar mai jiran a tashi kasuwa. Abinci ya daina shiga. A aji ina zaune, malamin lissafi yana magana ni kuwa ina lissafin takun da ke tsakanina da kwando.

Malamin wasanni ya ja ni gefe ya ce, "Dogo yana son fili. Ka ba shi fili, ya cinye ka. Ka shiga ƙirjinsa da kafaɗa, hannunsa ba amfani. Me ya sa kana zuwa wurinsa kana gudu baya?"

Na ce to. Me zan ce masa? Bai san cewa a gidanmu yaro ba ya haɗa ido da kawunsa ba, balle ya haɗa kafaɗa. Ba ma shawara nake yi ba, jikina ne yake yi da kansa. Zan keto mutum uku a guje, da na ga inuwar Kawu sai kaina ya sunkuya, gwiwata ta yi laushi, in karkace in ba shi hanya. Wani abokina ɗan Maigatari ya ce, "Kai wannan ba wasa kake ba, gaisuwa kake kai masa, ƙwallon kuma tsaraba ce." Aka yi ta dariya, ni kuwa kamar in haɗiye zuciya.

Ana gobe gwaji na kai wa Kawu ruwa. Na ajiye bokitin zan juya, ya ce in tsaya.

"Kana zaton ban gani ba?"

Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Ya ce, "Gobe ba zan sassauta maka ba, ka sani. In kuwa ka sake rusuna mini a fili, ni da kaina zan roƙi malam ya bar ka. Ba zan kai ɗan yayata Kano ya riƙa bin dogayensu yana gaishe su ba."

Na ce, "Kawu, in na buge ku fa?"

"In ka iya."

Washegari bayan la'asar, karon farko na karkace kamar kullum, ya make ƙwallon har ta faɗa cikin masu kallo. Na biyu ma haka. Na waiga na ga malam ya soma duban wani yaro daban, wani siriri mai jifa daga nesa. A nan wani abu ya taso mini, rabi tsoro rabi haushi. Da ƙwallo ta sake zuwa hannuna ban nemi gefe ba. Na ɗaga kai na dubi tsakiyar rigarsa, na nufe ta kai tsaye. Na tashi, kafaɗata ta sauka a ƙirjinsa, na ji numfashinsa ya fita a kunnena. Hannunsa na sama amma ya wuce ni, ba shi da inda zai lanƙwaso. Na ɗora ƙwallon a jikin allo ta faɗa.

Kawu ya yi baya taga-taga ya zauna daɓas a ƙasa.

Ihu ya tashi a kan katanga. Ni kuwa ban san lokacin da na zube a gabansa ba, gwiwa biyu, ina cewa, "Ku yi haƙuri, Kawu." Malam na busa usur yana daka mini tsawa in koma baya in tsare. Kawu ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da nake: ya miƙo mini hannu, irin yadda yake ba sa'o'insa. Na tsaya ina kallon hannun, na rasa yadda zan yi da shi. Shi ya kamo nawa ya ɗaga ni.

Na je Kano, na kuma shiga ƙirjin dogayensu ba tare da na ji komai ba, domin babu wanda ya taɓa goya ni a cikinsu.

Amma washegarin gwajin nan, da safe na ɗauki bokiti na nufi ɗakinsu kamar kullum, sai na tarar ya riga ya ɗebo ruwansa da kansa. Zan durƙusa ya tare ni da hannu. Daga ranar bai sake aikena ba, kuma har ya bar duniya bai ƙara bari gwiwata ta taɓa ƙasa a gabansa ba. Mutane suna cewa ya girmama ni, kuma gaskiya ne. Ni dai na daɗe a ƙofar ɗakin nan riƙe da bokiti, ina jira ko zai tuna da wani abin da zai aike ni.