Inna da Tukunyar Wuta

A Yangoji na girma, a wani gida da ke bayan babbar hanyar da ta tashi daga Abuja ta nufi Lakwaja. Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Inna, tana suyar ƙosai a bakin hanyar nan tun daga la'asar. Direbobin manyan motoci ne masu sayenta, sai manoman doya in sun taso daga gona. Da an yi sallar magariba takan sauke kasko, ta juye sauran mai a gwangwani, amma ba ta kashe wutar. Mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabtanmu Gbagyi sai mu kewaye murhun, kowa ya tura guntun doyarsa cikin garwashi. Kafin doya ta gasu, Inna ta ba da tatsuniya ɗaya. Ba ta ƙarawa ko kuka za ka yi, don ba ta yarda yaro ya kai isha'i a waje ba.

Sunanta aka sa mini, Rakiya. Saboda haka Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai Ummi, ita kuwa takwara take ce mini. Wurin zamana daban yake, gefen ƙafarta ta hagu, inda nake shaƙar ƙamshin man gyaɗa da hayaƙi a zanenta. Har yau in na wuce mai ƙosai a tashar Jabi da yamma, sai na ga na rage sauri ban sani ba.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na dabbobi da na aljanu, irin waɗanda kowace kaka ta iya. Amma akwai guda ɗaya da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita, kuma ba ta cika bayar da ita ba. In ta yi niyya, sai ta gyara zama ta ce, “Ga wata nan tafe daga nesa, ku matsa mata.” Mu kuma mu ce, “Ta ƙaraso, akwai wuri.”

Wai an yi wasu garuruwa biyu, kogi ne tsakaninsu, sarakunansu ba sa jituwa. Wata rana wani maƙeri a garin gabas ya samo wata irin wuta. Ba ta cin itace, ba ta jin ruwa, in ta tashi kuwa sai ta cinye gari da gonakinsa, ƙasar ta shekara bakwai ko ciyawa ba ta fitarwa. Sarki ya ji daɗi ƙwarai. Ya aika aka kira wata mai ginin tukwane, sunanta Tabawa, ya ce ta gina masa tukunya mai kauri da murfi. Ba a gaya mata abin da za a zuba ba. Ta gina, ta gasa, ta kai fada, aka zuba wutar aka kulle a wani ɗaki. Ba a daɗe ba sarkin yamma ya sami labari, ya saye maƙerin da dawaki da riguna, shi ma ya sami tasa tukunyar. Kowane sarki ya riƙa cewa shi ba zai buɗe ba, ya ajiye ne kawai don ɗayan ya ji tsoro.

A nan Inna kan tsaya ta juya doyarmu da tsinke, ta bar mu muna jira.

Tabawa ce ta fara lura. Ciyawar da ke bayan ɗakin nan ta bushe tsakiyar damina. Kajin da ke kiwo a wurin suka daina ƙyanƙyasa. Mai gadin ɗakin ya kwanta ciwon da bokaye suka kasa gane kansa. Da ta je kogi ɗebo yumɓu, sai ta hangi wata mata a ɗaya gaɓar tana wanki, ta ɗaga murya ta tambaye ta ko kajinsu na ƙyanƙyasa. Matar ta ce a'a. Suka tsaya suna duban juna, ruwa na wucewa a tsakaninsu.

Daga nan kowace ta koma ta bi gida gida. Ranar kasuwa da sassafe matan garin gabas suka fito da goyonsu da tabarminsu suka zauna a ƙofar ɗakin wuta. Ba zagi, ba jifa. Sarki ya fito ya ce me suke so. Inna takan ƙanƙance murya in za ta yi maganar Tabawa: “Ranka ya daɗe, hannuna ne ya gina tukunyar nan. Na san inda yumɓunta ya yi siriri. So muke a binne ta.” Sarki ya ce in ya binne tasa, na yamma zai ƙone su. Tabawa ta ce, “Aika a duba. Matan can ma suna zaune a ƙofar tasa.”

Kwana uku suna zaune, ba wadda ta ɗora girki a garuruwan biyu. A rana ta huɗu sarakunan suka haƙura. Matan suka ɗauki tukwanen a kan gammo, suka kai su cikin wani kogon dutse, suka toshe bakinsa da laka. Mu a nan muke so labari ya ƙare, amma Inna sai ta ce tukuna. Maƙerin yana nan da ransa, bai manta yadda ake yin wutar ba, kuma yana da yara masu koyo. Don haka matan suka raba kwana, yau biyu daga gabas, gobe biyu daga yamma, suna gadin bakin kogon. “Har yanzu suna can,” in ji ta. “Tatsuniya ta tafi, ku ciro doyarku kada ta ƙone.”

Ina da kamar shekara goma sha biyu, wata rana hadari ya taso da wuri, yara suka watse, na tsaya taya ta kwashe kaya. Muka fake a rumfarta ruwa na zuba a kan kwano. Na ce, “Inna, wai Tabawa da gaske an yi ta?”

Ta daɗe tana goge kasko da tsumma. Sannan ta ce, “Tabawa ni na ƙirƙiro ta. Amma wutar akwai ta, takwara.”

Ta ce tun tana amarya, a ƙauyensu can arewa da Katsina kusa da kan iyaka, gab da samun mulkin kai, labari ya zo ta rediyon da ke ƙofar gidan dagaci cewa wasu Turawa za su gwada wani sabon bam a cikin Sahara. Fatake masu zuwa daga arewa suka ƙara da nasu. Aka ce gubarsa ba a ganinta, iska ke ɗauko ta, ta sauka a rijiya da ciyawa, ta shiga nonon saniya, ta shiga na mace. Inna tana goyon 'yarta ta fari a lokacin, Hauwa'u, wadda da ta rayu da ita ce yayar Baba. Ta ce takan ba ta nono tana tunanin ko me take ba ta.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwarsu. Ita ce ta ce wa mata zaman jiran nan ba zai yi ba, su tashi su je wurin hakimi. Maza suka yi ta dariya, wasu suka hana matansu. Waɗanda suka samu fita suka kama hanya da ƙafa bayan asuba, suka isa garin hakimi rana ta take. Suka zauna ƙarƙashin wata tsamiya a ƙofar gidansa. Dogari ya ce su koma, wannan maganar manya ce. Tsohuwar ta ce masa ai yaran da ke bayansu ne za su sha, ba manya ba. Sai bayan azahar aka turo magatakarda da takarda da tawada. Ya rubuta abin da suka faɗa, cewa ba su yarda ba, kowace ta dangwala babban yatsanta.

Na ce, “Sai aka bari?”

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. “Mun ce a fasa gwajin, su kuma suka fasa bam ɗin.”

Kafin shekara ta zagayo Hauwa'u ta rasu. Zazzaɓi ne da tari, malamin asibiti ya ce ƙyanda ce, kuma yara da dama sun tafi a shekarar. Inna ta ce, “Ban ce shi ya kashe ta ba. Allah ne ya san gaskiya. Rashin sanin ne ya fi cin raina.” Na tambaye ta to mene ne amfanin tafiyar da suka yi. Ta dubi babban yatsanta na dama, wanda mai ya ƙona ya bar masa tabo, ta ce, “An yi, amma ba da yardarmu ba. Akwai wata takarda a duniyar nan da ta san haka.”

Ruwa ya tsagaita muka shiga gida. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake tambaya ba. Ina ganin akwai lokaci. Ta rasu ina aji biyu a kwalejin horon malamai, ban ma samu jana'izarta ba.

Yanzu a Mararaba nake zaune da mijina da yara uku, ina koyarwa a wata firamare a Jabi. Rabin rayuwata a cunkoson mota take ƙarewa. A unguwarmu muna da wata 'yar ƙungiyar mata da muka kafa shekarun baya, bayan wata hatsaniya da ta sa maƙwabta suka daina gaisawa. Akwai Hausawa, da Tibi, da Gbagyi, da Ibo, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Muna haɗuwa ranar Asabar a wani ajin makaranta. Aikinmu ƙanana ne. In jita-jita ta fara yawo a waya, mu bi ta mu gano tushenta. In samari sun fara taruwa a kan kwanar titi, iyayensu mata su je su tsaya a wurin har su watse.

Wata Asabar shugabarmu, Malama Saratu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta zo da wata takarda. Ta ce mata ne daga ƙasashe da dama suke tara sa hannu, suna neman a kawar da makaman nukiliya gaba ɗaya. Sai Maman Ngozi mai sayar da kifi ta ce da Hausarta ta Abuja, “Malama, wannan abu na su oga ne a ƙasar waje. Mu ko wutan lantarki bai zo ba kwana uku. Wa zai karanta sunan mai kifi?” Aka yi dariya, kuma ban ga laifinta ba. Gaskiya ta faɗa.

Ni ba mai magana ba ce a taro. Amma na ji na miƙe, na ba su labarin matan da suka zauna ƙarƙashin tsamiya, da yarinyar da ta rasu, da uwar da ta tsufa ba ta san abin da ya kashe 'yarta ba. Ban iya ba da shi kamar Inna ba. Na yi tuntuɓe a wurare. Ba kowa ce ta sa hannu ba. Maman Ngozi ta sa, tana cewa ita dai har yanzu ba ta ga wanda zai karanta ba.

Ni ma ban sani ba ko an karanta. Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mata sun yi nasara a kan sarakuna. Sai da na haifi nawa na gane abin da ya sa Inna ba ta tsayawa a wurin binne tukwanen. Ita ta san ba a gama irin wannan aiki. Ta je ta faɗi nata, ba a saurare ta ba, ta binne 'yarta, sannan ta zauna shekaru tana gyara labarin a bakin murhu har ya zama abin da yaro zai iya ɗauka. Abin da ke damuna shi ne tambayoyin da ban yi ba. Ban san sunan tsohuwar mai daddawa ba. Ban san su nawa ne suka tafi ba, ko me suka ce wa juna a hanyar dawowa.

Da hutun ƙarshen shekara na je Yangoji gaida Baba. Ya manyanta, idonsa ɗaya ya fara hazo. Inda rumfar Inna take an gina shagon sayar da taya. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida na tambaye shi ko ya san sunan tsohuwar da ta jagoranci su Inna zuwa gidan hakimi.

Ya ce, “Wane hakimi?”

Na fara yi masa bayani, na ga yana kallona kamar ina magana a kan wata baƙuwa. Ya san an haifi wata kafin shi ta rasu, iyakar abin da ya sani ke nan. Bai taɓa jin maganar bam ba, balle tafiyar ƙafa da takarda.

Ya murza carbinsa. Can ya ce, “Shekara arba'in ina tare da ita, ba ta taɓa faɗa mini ba. Ke ta faɗa wa.”

Ya jawo tabarmarsa kusa da tawa, ya juyo da kunnensa mai ji sosai.

“To, Ummi,” ya ce, “faro mini daga farko. Kada ki tsallake komai.”