Kukan Nana ya kai ja

'Yan uwa, yau ɗiyata ta tsala ihu, ni kuwa na tsaya ina dariya!

Kun san Nana ta kwana huɗu da zazzaɓi. Da aka sallame mu, malamar asibiti ta ce in kukanta ya raunana, in maido ta maza. To ni yaya zan gane? Kullum ji nake kamar ya ragu.

Na kira yayata mai koyar da ordinata, wato kwamfuta, a Maraɗi. Ta haɗa wani shafin intanet ta turo mini. Ta ce, "Kai salula kusa da ita. Layi zai hau daidai ƙarfin kukan, in ya kai ja to kukan da ƙarfinsa."

Jiya ko rabi bai kai ba. Tuwo ma na kasa ci.

Yau da azahar sai ga layi ya haye har ja!

Uwar mijina ta faɗo ɗaki. "Ke Rabi, lafiyarki? Yarinya na kuka kina nuna mata salula?"

Na ce, "Inna, duba, ja ne!"

Ta ce, "Ja ko baƙi, ɗauke ta!"

Na ɗauka. Har yanzu ba ta yi shiru ba. Alhamdulillahi, amma wallahi kaina kamar ya tsage.