Jandarma da Kunnen Jar Saniya

Babban jandarma ne daga Damagaram, cikin manyan jami'an Nijar da suka zo Dutse taro da namu kan ɓarayin shanun da ke tsallaka iyaka. Sauran baƙi suna masauki suna hutawa, shi kuwa ga shi a kasuwar shanu ta Shuwarin, dogo, siriri, kakinsa ya sha guga, furfura ta cinye sajensa.

Bai damu da takardun kowa ba. Ya taka kashin shanu da takalminsa mai ƙyalli, ya kama kunnen wata jar saniya, yana shafa tsagar da ke jiki. Ya yi mata magana da Fillanci, ta kuwa kwantar da kai.

"Ranka ya daɗe, kakinka zai ɓaci," in ji dillali Malam Ikrima.

"Kaki ai wankuwa yake, Malam. Wannan tsagar ta makiyayan Tanut ce, kuma su ba sa sayar da saniya mai ciki."

Ina zaton shi ma an taɓa kore garken gidansu. Yanzu yana ɗaga wa 'yan sandanmu hannu su zo, amma ɗaya hannun bai bar wuyan saniyar ba.