Malam Yero da Injin Yankan Ciyawa

Kafin masu tallan nono su shigo ta Ƙofar Dawanau, Malam Yero ya riga ya baje kayan aikinsa a gindin durumi. Bafulatani ne da annoba ta share wa garke tun yana saurayi, ya shigo birni ya koyi gyaran ƙarfe. Har yau in shanu suka gifta, sai ya ajiye guduma ya bi su da ido, mai keke na tsaye yana jira.

Unguwa ba ta manta da 'yar taraktar lambun da wani Baturen kamfanin gyaɗa ya yar ba. Injinta lafiya lau, amma bel ɗin da ke juya wuƙaƙen yankan ciyawa ya tsinke. A lokacin ne tsufa ya hana Gwaggo Hajo, wadda mijinta ya bar wa shanu uku, yanko musu ciyawa, har ta kira dillali ya sayar da su.

"Gwaggo, ki ba ni zuwa kaka," in ji Yero. "Na san yadda gida yake in babu kukan saniya."

Sabon bel sai daga Ikko, don haka ya sayo kirgi a kasuwar Kurmi, ya yanka, ya ɗinka. Sai halin ruga ya motsa, ya shafe shi da man shanu kamar igiyar fata. Inji na ruri, bel na santsi, wuƙa ko motsi. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya dara, ya wanke da toka, ya goga ƙaro. Da wuƙaƙe suka kama, ya yanko wa Hajo ciyawa a bayan ganuwa wadda ta kai ta wata daminar. Dillali ya koma hannu rabbana.

Kai ne, Yero, ka ciyar da shanun mutane shekara da shekaru, kai kuwa ko ɗan maraƙi ba ka da shi. Bana ido ya yi rauni, ka ajiye sifana, kuma wallahi muna kewar rurin injin nan.

Ranar Juma'a Hajo ta jawo karsana ta ɗaure a ƙofar gidan Yero, irin aron da Fulani ke ba wanda ya rasa garke.

"In ta haihu ka dawo da ita. 'Ya'yan naka ne."

Ya laluba wuyan karsanar, ya kira ta da sunan saniyar mahaifiyarsa.

Mun gode, Malam Yero, Allah ya albarkaci garken. Mai sana'a a hannu kuma kada ya jira roƙo, don shi Yero ba wanda ya roƙe shi.