Sha Biyu ga Sha'aban

Jami'o'i biyu suka ba ni gurbin digiri na biyu a Kuala Lumpur, inda nake zaune, a mako ɗaya! Duka a fannin da nake mafarki, wato nazarin ƙwaƙwalwa da koyon gwada tunanin marasa lafiya. Ranar sai da na taka rawa a kicin da ludayi a hannu, har shinkafa ta kama. Amma dole in zaɓi ɗaya kafin Juma'a.

Da ma ina da tambayata a ƙunshe. Shekara biyu kafin nan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki a Kano. Da ya fara warwarewa, wani likita ya zo da takarda, ya tambaye shi kwanan wata. Baba ya ce sha biyu ga Sha'aban. Likita ya ba shi sifili. Wallahi sha biyu ga Sha'aban ɗin ne! Da irin wannan sifilin aka rubuta wai ya rikice, yayyena suka karɓe makullin shagonsa, suka ce ya huta. Har yau abin yana ci min rai.

Jami'ar farko, kai, ginin ma kallo ne. Gilashi ko'ina, ga na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ina ta leƙe kamar 'yar ƙauye. Na tambayi malamin da ya zagaya da ni, "Malam, in dattijo ya amsa da watan Musulunci, maki nawa?"

Ya buɗa littafin gwajin, ya rufe. "Ba a tanadi wannan ba. Kuskure ne."

Na yi godiya, na shanye shayinsu tas, na fito.

Ta biyun tsohon gini ne, fanka na ta ƙara, akwatunan gwajin duk sun koɗe. Malamar wata dattijuwar Bamaleshiya ce mai tabarau a igiya. Ina yi mata tambayar ta tuntsire da dariya.

"Ai mahaifiyata ma haka za ta amsa. Sai ki ɗauko kalanda ki duba. Ki kuma tambayi inda aka ga watan, don mu da ku akan samu bambancin kwana." Ta ɗora tabarau. "Amma a nan sai kin zauna gaban marasa lafiya, ina bayanki ina gyara miki. Boleh? Wato za ki iya?"

"Boleh!" na ce, da ƙarfin da ya sa sakatariya ta leƙo.

A tsaye na sa hannu a takardar karɓar gurbin. Na fito titin Jalan Semarak ana yayyafi, ina washe baki ni kaɗai, na hau bas ɗin da ba nawa ba, ko a jikina. Na tsinci kaina a kasuwar unguwar Masjid India, na sayi gyale ruwan goro wanda ko kusa ba ya yi min kyau. A ƙarƙashin rumfar mai gyalen na kira Baba, a can hantsi ne. Na zuba masa labari ba numfashi, har yana cewa in yi a hankali, ba korata ake ba.

"Shekara nawa karatun?" ya ce, a hankali, yadda maganarsa ta koma.

"Biyu, Baba."



"To, Allah ya kai mu. In kin gama, ni za ki fara gwadawa. A sake min gwajin nan."