Ranar da Isiyaku Mai Ninki Ya Karya Lilonsa

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Malam Isiyaku a layinmu na Hayin Banki. Ni tela ne, sunana Ila, shi kuma mai walda. Ni Bakano, shi Bazazzagi, saboda haka tun ranar da muka fara haɗa ido ba a taɓa yin sulhu ba. In ya kunna injinsa wutar shagona ta dushe, sai in leƙa in ce, "Bazazzagi, a tausaya wa masu sana'ar gaske." Shi kuma ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa ya ce, "Bakano, koma ka ci gaba da rage wa mutane yadi."

Ni na laƙaba masa Mai Ninki, kuma sunan ya bi shi har matarsa Uwani takan kira shi da shi in ta so tsokana. Dalili kuwa, mutumin nan bai iya yin abu daidai yadda aka ce ba. Ka ce ya yi maka benci na mutum biyu, sai ya yi wanda mutum shida za su zauna su yi musu a kai. Laraba mai waina ta sa shi ya yi mata abin ɗora tanda, sai da ƙarti biyu suka kai mata shi gida suna nishi. Ni kaina na taɓa cewa ya yi mini 'yar ƙugiyar rataye riguna. Wadda ya kawo, wallahi ko sa aka feɗe za ta riƙe shi.

Na ce, "Malam, ƙarfen nan kyauta ake ba ka?"

Ya ce, "Kashi ɗaya na abin da ka ce za ka rataya ne. Kashi ɗaya na abin da za ka rataya in ba na nan. Na ukun kuma na abin da ƙarfen ya ɓoye mini ne, don shi ma ba komai yake faɗa ba."

Maganarsa ke nan kullum, wai ƙarfe yana gajiya. Na daɗe ina yi masa dariya a kan wannan. Nakan ce to a dafa masa shayi mana, ko a kai shi wajen mai tausa. Ran nan dai ya gaji da ni, ya shigo shagona ya zare wata waya da nake rataye ɗinki, ya miƙo mini ya ce in tsinka ta. Na ja, na ja, har jijiyar wuyana ta tashi, ko gezau. Sai ya karɓa, ya riƙe da yatsu, yana lanƙwasa ta gaba da baya a hankali, muna hira. Can ya ce in taɓa wurin. Na ji zafi. Ya ƙara kaɗan, sai ga waya ta rabu biyu.

Ya ce, "Wane nauyi na ɗora mata? Kai ka fi ni ƙarfi, ba ta kula ka ba. Kai-komo ne ya kashe ta."

Na ce, "Wayata dai ka kashe, Bazazzagi." Amma abin ya zauna mini a rai.

Inda ya samo wannan tunani, ya ba ni labari sau da yawa. Yana saurayi, yana koyon walda a wani gareji a Kawo, aka shigo da wata babbar mota fanko, babu ko buhu ɗaya a bayanta, tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa. A tsakiyar garejin ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya ya karye, mota ta durƙusa. Motar da ta sha ɗaukar masara daga Saminaka, ga ta ta karye ba kaya. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce baki. Shi kuwa sai ya ɗauki guntun ya tafi da shi gida yana ta juya shi a rana. Ya ce fiye da rabin bakin karayar sumul yake, da wasu layuka a lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya, kamar shatar da ruwa ke bari a yashin bakin kogi in yana janyewa. Ɗan abin da ya rage ne kawai mai garaje, yana walƙiya kamar an ɓalli dunƙulen sukari. A nan ya gane ba ranar ƙarfen ya karye ba. Ya daɗe yana karyewa, kowane juyi na taya yana ƙara masa kaɗan, ranar dai aka gama.

To, abin da Malam Isiyaku ya fi so a duniya bayan iyalinsa shi ne lilonsa. Irin mai juyawa ɗin nan ne, da akwatuna huɗu da yara ke zama, ƙarti biyu suna tura shi, wannan akwati ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Da hannunsa ya ƙera shi. Duka nauyin yana kan sandar ƙarfe guda da ke tsakiya, mai kaurin damtsena, wadda yake kira ƙashin baya. Kowace Sallah ana kafa shi a filin da ke gefen makarantar firamare. 'Yata Fatima ta hau shi tana da kitso biyu a ka, yanzu 'ya'yanta ke hawa. Kuma ko farcen yaro bai taɓa ɓallewa a kansa ba.

Filin yana da ƙa'ida, ta mai unguwa ce. Wanda lilonsa ya tsaya a wurin da safiyar Sallah, shi ke da fili. In ka tsallake Sallah ɗaya, an ba na bayanka, kuma ba a ƙwacewa a mayar maka. Na bayan Malam Isiyaku kuwa Bawa ne, wani mai gyaran babur da ke da nasa ƙaramin lilo, yana kafa shi can bakin kwata inda ƙura ta fi yara yawa. Ba mugun mutum ba ne, amma ya daɗe yana kallon filin nan yana haɗiyar yawu.

Kafin kowace Sallah, Malam Isiyaku yana yi wa ƙashin baya abin da muke kira wankan alli. Zai kwance shi, ya kankare shi tas, ya shafe shi da kananzir da ɗan baƙin mai, ya bar shi ya sha. Sannan ya goge shi ƙaf har ya bushe, ya dama alli da ruwa ya shafe shi fari fat, ya shanya a rana. In ya bushe sai ya bi shi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa. Wai in akwai tsaga, komai ƙanƙantarta, man da ya ɓuya a ciki zai fito ya ɓata allin.

Shekara da shekaru ina kallon wannan, ban taɓa ganin komai ya fito ba. Saboda haka a Babbar Sallar bara, ana gobe jajibiri, da na ga ya shanya sandar, na fito da almakashi a hannu na ce, "Amarya ta sha kwalliya. Yaushe za a kai ta ɗaki?"

Ko ɗago kai bai yi ba. Yana durƙushe, guduma a hannu, ya ƙura wa wuri ɗaya ido. Na matso. Kusa da inda sandar ta ɗan rage kauri don ta shiga mazauninta, wani siririn layi ne yake fitowa a kan farin allin, launin shayi, bai kai zaren da nake ɗinki da shi kauri ba. A gaban idona yake ƙara tsawo, yana bin jikin sandar a kewaye, kamar wani ne a ciki yake ja da alƙalami. Ƙarfen da na tabbata ko giwa ba za ta lanƙwasa shi ba, ga shi yana gumi ta wata kafa da ido bai taɓa gani ba.

Na ce, "Ɗan wannan? Ɗosa masa walda mana, ai sana'arka ce."

Ya ce, "In na yi masa walda na rufe masa baki ne kawai. Ciwon yana ciki."

Da rana ya hau babur ya tafi Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, neman wata sandar. Ya dawo bayan la'asar hannu wofi. Na ce ashe duk faɗin Panteka an rasa ƙarfe? Ya ce akwai su jibge, masu kyau a ido, amma duk an cire su ne daga jikin wasu injuna. "Ban san gajiyar da kowanne ya kwaso ba, Ila. Ƙarfe ba ya hucewa don an ajiye shi. Inda ya tsaya, nan zai ɗora." Sabuwa kuwa sai an sassaƙa masa ita a inji, masu injin kuma sun ce sai bayan Sallah.

Kafin safiyar jajibiri labari ya gama layi. Mutane suka taru a ƙofar shagonsa, har da mai unguwa da carbinsa. Bawa ma ya zo, kuma abin da ya faɗa ya ba ni mamaki.

Ya ce, "Baba Isiyaku, ni ba na son in sami fili ta wannan hanya. Sandar nan ta yi bara lafiya, ta yi ƙaramar Sallah lafiya. A rage yara, a riƙa ɗora bibbiyu. Kwana nawa ne duka?"

Mai unguwa ya ce, "Ka ji. Ka san ƙa'ida, Isiyaku, ba ni da yadda zan yi in gobe fili ya wayi gari fanko. Ka lallaɓa ta ta fita wannan Sallar."

Malam Isiyaku ya ce, "Ranka ya daɗe, zai yiwu ta fita. Zai yiwu ta yi wata shekarar ma. Abin da ban sani ba shi ne juyi nawa ya rage mata, da kuma 'ya'yan wa za su kasance a sama in ya ƙare."

Sai na ga ya shiga shago ya jawo guntayen ƙarfe biyu masu kauri, ya ɗora sandar a kansu, layin nan yana tsakiya ta ƙasa. Ya ɗauko babbar guduma.

Na riƙe hannunsa na ce, "Kai Bazazzagi, ka haukace? Ajiye ta mana a lungu, wa ya ce sai ka karya?"

Ya dube ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. "Kaina nake tsoro, Bakano. Gobe in na ga yara sun yi layi da sabbin kaya, jikokinka a gaba suna kiran Baba Mai Ninki, zan iya cewa bari a gwada sau ɗaya."

Na sake shi.

Na zaci zai yini yana bugu. Bugun farko sandar ta yi wata ƙara maras daɗi, kamar tukunyar da ta fashe. Bai ƙara da yawa ba, sai ga ta biyu a ƙasa.

Ya ɗauki ɓari ɗaya ya juya bakin ga rana, muka yi cincirindo. Abin da ya sha ba ni labari, ga shi na gani da idona. Sumul, baƙi-baƙi, da layukan nan a lanƙwashe suna bin juna kamar yashin bakin kogi, sun cinye kusan kashi biyu cikin uku na kaurin sandar. Ɗan wurin da ke walƙiya, wanda guduma ta karya yanzu, bai fi faɗin yatsuna biyu ba. Shi ke nan abin da ya riƙe akwatuna huɗu cike da yara a ƙaramar Sallah, har da jikata Maimuna da ta ƙi sauka sai da aka yi mata alkawarin alewa.

Mai unguwa ya daina jan carbi. Bawa ya sa yatsa yana shafa layukan, yana salati a hankali.

Malam Isiyaku ya nuna mini wurin mai walƙiya da farcensa ya ce, "Ka ga ninkin da kake yi mini dariya? Biyu sun tafi ban sani ba. Na ukun ne wannan."

Na ɗora yatsuna biyu a wurin na sake aunawa.

Fili dai ya tafi. Da safiyar Sallah lilon Bawa ne a gefen makaranta, kuma har yau shi ne. Na Malam Isiyaku yana jingine a bayan gidansa, Uwani tana shanya a kai. Ya sa an sassaƙa masa sabuwar sanda bayan Sallah, ya shafe ta da mai ya naɗe a buhu, bai kafa ba. Na ce ya koma bakin kwata inda Bawa ya bari, ya ce ƙura ba ta yi wa ƙirjinsa daɗi. Na san ba ƙura ba ce. Ranar Sallar nan bai fito ba sai da yamma, kuma ta ɗaya layin ya bi zuwa masallaci don kada ya wuce ta filin.

Amma tun a ranar jajibirin, bayan taro ya watse, na ga Bawa ya turo baro da sandar nasa lilon a ciki, da galan ɗin kananzir, ya tsaya a ƙofar shago yana sosa ƙeya. Malam Isiyaku ya tashi ya dama alli. Sandar Bawa ta fita fara fat, babu layi ko ɗaya. Ƙaramar Sallar da ta biyo baya ma haka aka yi, don matan layinmu sun ce 'ya'yansu ba za su hau lilon Bawa ba sai sun ga farin alli a hannun Mai Ninki.

Ɓari ɗaya na karyayyar sandar yana wurina, da shi nake tokare ƙofar shago. Na roƙe shi ne da sunan ina son abin danne yadi. Wani lokaci in aiki ya yi sauƙi nakan ɗauko shi in bi layukan da allura, ina tunanin wanne ne na Sallar da Fatima ta hau, wanne ne na Maimuna. Jiya ya kama ni ina yi.

Ya ce, "Bakano, za ka auna ka rage masa yadi ne?"

Na ce, "A'a, Malam. Ƙugiyar nan da ka yi mini ce nake so ka zo ka duba, na rataya mata abin da ban faɗa maka ba."