Ni Na Tura Yaya Mukhtar Gadar Nan Ranar Lahadi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Mukhtar ya rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar Hajiya Asabe mai abinci a unguwar Hayyin Ashir, nan Alƙahira, ina ɗaure kulolin abinci a bayan keke. Abokina Sani Dogo ne ya kira. Ya ce jiya bayan la'asar ne, a Kaduna, kwana huɗu kacal ya yi a asibiti. Har an kai shi.

Na ce, "Dogo, ka bar irin wannan wasan."

Ya ce, "Habu, tsakanin ni da kai wa ke irin wannan wasan?"

Ku da kuka san ni a shafin nan, da tsokana kuka san ni. Ni ne na gaya wa sababbin ɗalibai cewa sai an yi wa direban mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya ta garin nan, sallama sau uku yake tsayawa. Yau ba wannan ta kawo ni ba. Ku daure ku karanta har ƙarshe, akwai abin da na danne shekara uku da wani abu.

Farkon 2012 kamfaninsu ya turo Yaya Mukhtar Alƙahira daga Legas, injiniyan sadarwa ne. Kwanansa uku a unguwar Dokki aka ba shi lambar Hajiya Asabe, ya yi odar tuwo da miyar kuka, ni na kai. Lokacin a mikrobas nake yawon kai abinci.

Yana buɗe ƙofa na hangi falo, ba kujera ko ɗaya, amma ga keke a tsaye kan darduma kamar baƙon da ake ji da shi. Taya siririya kamar yatsa. Ya ce in ɗaga in ji. Da yatsu biyu na ɗaga shi.

Ya ce gasa yake shiryawa, tirayatlon. A yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu, duk a fita ɗaya ba hutawa.

Na ce, "Yallaɓai, wane alƙali ne ya yanke maka wannan hukuncin?"

Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce hawan jini ne ya kashe mahaifinsu yana da ƙarfinsa, shi ma likita ya ce hanyar da ya kama ke nan. Shekara huɗu yana tirenin a Legas. Akwai gasa a bakin Bahar Maliya nan da wata biyu, ya riga ya ba da suna, kuma ita ce ta farko da zai shiga a rayuwarsa.

Ya tambaye ni karatuna. Na ce allo ne kawai, na haddace a gida, na zo nan da niyyar jami'a takardu suka tsayar da ni. Daga ranar bai ƙara kirana Habu ba, sai Alaramma. Ya kuma ce in daina yallaɓai ɗin nan, Yaya ya isa.

Sai ya ɗauko ƙaramin littafi da biro. Ya ce wurin iyo ya samu a wani kulob, gudu kuma ko'ina ana yi. Keken ne ya dame shi. Ya ce, "Alaramma, kai ka san garin nan. Wace rana titi ya fi zama fili, kuma ina zan bi?"

Na san amsar. Duk mai yawo a garin nan ya sani. Juma'a ce, daga asuba zuwa wajen ƙarfe goma, Alƙahira kamar an share ta. Lahadi kuwa ita ce Litinin ɗinsu, ranar da kowa ke fitowa da fushinsa.

Amma idona ya faɗa kan wani ɗan gajeren wando baƙi mai ɗame jiki da ya rataye a jikin taga. Na ƙiyasta babban mutum kamar wannan a cikinsa, ya maƙale a tsakiyar zahma, wato cunkoson motoci, Misirawa na danna masa hon. Dariya ta taso min tun daga ciki.

Na ce, "Lahadi, ƙarfe bakwai na safe. Ka hau kubrin Sitta Oktoba, babbar gadar nan, ka miƙe abinka."

Ya ce, "Ai na ji Lahadi ranar aiki ce a nan."

Na ce, "A takarda ba. Bamisire ba ya tashi kafin goma."

Ya rubuta. A gabana ya rubuta, har ya ja layi a ƙasa.

Ranar Lahadin ni da Dogo muka yi sammako tun daga Hayyin Ashir, muka laɓe bayan wani mai sayar da ful, dafaffen waken Misirawa, kusa da inda ake hawa gadar ta ɓangaren Dokki. Na saita wayata a bidiyo. Niyyata in nuna wa 'yan ɗakinmu mu sha dariya, shi ke nan, wallahi iyakarta ke nan.

Sai ga shi, da hular kwano da wandon nan. Titi ya cika maƙil. Na ga ya rage gudu yana waige-waige, alamar abin bai yi daidai da abin da aka gaya masa ba. Da a ce na ɗaga murya na kira sunansa a lokacin, da ya ji ni. Tsakaninmu bai kai tsawon sahu biyu na masallaci ba.

Dariya nake yi.

Wata mikrobas ta yanko gefe don ɗaukar fasinja, ta matse shi da dakalin titi. Takalmin masu irin wannan keken maƙalewa yake a feda, ban san haka ba sai ranar. Bai samu ya cire ƙafa ba. Da kafaɗa ya sauka.

Dogo ya ruga ya tare motoci. Ni na ɗago shi, na tsayar da tasi, na riƙe kansa a cinyata har asibiti. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗarsa ta dama ya karye biyu, kafaɗar kuma ta goce. Sai da aka sa masa ƙarfe.

Da ya farfaɗo ya gan ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Alaramma, Allah ne ya kawo ka wurin nan. Me kake yi a Dokki da sassafe?"

Na ce saƙo na kawo.

Ya ce, "Ka ga mutanen naka sun tashi da wuri yau."

Na ce nima ban san abin da ya fito da su ba.

A bayan gidan asibitin na goge bidiyon. Na sa Dogo ya rantse.

Daga baya, da ya haɗu da masu keke na garin suka gaya masa maganar Juma'a, sai ya zo yana min dariya. "Kai ba ka san keke ba, shi ya sa. Ma'alish, ba komai. Laifina ne da na tambayi mai haddar Baƙara hanyar tsere." Bai taɓa kawo wa ransa da gangan na yi ba. Ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci na shi ne yadda yake gabatar da ni. Da matarsa Anti Bilki ta iso da yara, ya kama hannuna ya ce, "Ga wanda ya ɗauke ni daga titi." Haka yake faɗa wa kowa, a walimar suna, a filin Idi, a gaban manyan ofishin jakadanci. Ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce irin ta yaron kirki.

Shi ya yi ta zirga-zirga da ni har ikamata, takardar izinin zama, ta fito, ya bar aikinsa ya tsaya a layi tare da ni rana biyu.

Shi ya gyara min rubutun boko. Da can harafi da harafi nake tsinta a waya. Duk saƙon da na tura masa sai ya dawo min da shi a gyare, ya ƙara da cewa, "Sake." Wannan rubutun da kuke karantawa, hannunsa ne a ciki.

Shi ya ba ni keken da nake kai abinci da shi, da hular kwano. Ya ce in ya gan ni ba hula, Hajiya Asabe zai kai wa ƙarata.

Duk Juma'a bayan asuba muna fita bakin kogin Nilu, shi a gaba ni a baya ina haki. Ya koya min kada in kusanci mikrobas ta dama, in riƙa kallon hannun masu tsayuwa a bakin titi, don duk wanda ya ɗaga hannu mota za ta yanko kansa. Shi da na jefa a ciki, shi ke koya min yadda ake tsira. In mun dawo mu zauna ya biya min izu ɗaya, ina gyara masa. In ya yi kuskure na ɗaga murya sai ya ce, "A hankali Alaramma, ba bulala a tsarinmu."

Gasar farko ta wuce yana ɗaure da hannu. Keke ya dawo masa, gudu ya dawo, amma hannun dama ya ƙi ɗaguwa sama da kunne. Iyo kuwa da wannan ɗagawar ake yin sa.

A 2014 ya ce zai gwada. Na bi shi, ni ke riƙe masa kaya. Na tsaya a bakin ruwa ina kallon kowa na fitowa yana rugawa wurin kekensa, har wurin ya zama saura keke ɗaya a rataye. Lokacin da aka ɗiba ya cika, ƙaramin jirgi ya je ya ɗauko shi. Ya fito yana rawar sanyi, ya karɓi tawul a hannuna ya ce, "Khalas, shi ke nan. Teku ta ci wannan zagayen. Yalla, maza nemo mana shayi."

Bai taɓa kammala ko ɗaya ba. Shekara huɗu a Legas, uku a nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Juma'ar da zai koma gida ce, wata biyar da suka wuce. Muka yi zagayenmu, muka zauna a wata 'yar rumfa a bakin Nilu muna cin ta'amiyya, ƙosan Misirawa, da shayi. Tun daga gida na shirya maganar, har na biya ta a hanya kamar hadda.

Na ce, "Yaya, akwai wata magana."

Ya ce, "In dai kilishin da zan aiko maka ne, na riga na sa a lissafi."

Na yi dariya, maganar ta koma ciki.

Da muka miƙe sai ya riƙe hannuna, ya daina murmushi. Ya yi abin da kowane Bahaushe ke yi in zai yi tafiya mai nisa. Ya ce, "To Alaramma, zama tare ne, sai mu yafi juna. In na taɓa ɓata maka, ka yafe min."

Kun ga ƙofa a buɗe. Shi da kansa ya buɗe min ita. Abin da ya rage kawai in ce, Yaya, ranar gadar nan na san Juma'a ce, da gangan na ce Lahadi, kuma ba saƙo na kai ba, dariya na je yi.

Kun san me na ce?

Na ce, "Ni fa ban yafe ba sai kilishin ya iso."

Ya dake ni a ƙeya ya ce, "Ɗan banza. Ni dai na yafe maka." Ya hau kekensa ya tafi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ni allo na yi, ba wani zurfi gare ni ba, amma abu ɗaya malaminmu ya dasa mana tun muna ƙanana: haƙƙin mutum yana hannun mai shi. Yaya Mukhtar ya ce ya yafe min, amma wa ya yafe wa? Wanda ya ɗauke shi daga titi ya sani. Wanda ya tura shi can, bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Ɗazu na je ɗakin Malam Nura, babba a cikin ɗalibanmu na nan, na zayyane masa komai. Ya ce in yawaita nema wa mamacin gafara, in yi sadaka da sunansa, in daina cin yabon da ba nawa ba, sauran kuma in bar wa Allah. Na ce, to ya isa? Ya ce, "Habu, wanda zai ce maka ya isa, jiya aka binne shi."

Na kira Anti Bilki in yi mata gaisuwa, da niyyar in gaya mata. Tana jin muryata ta fashe da kuka, ta ce, "Alaramma, ko a asibiti sai da ya yi zancenka. Ba za mu manta da alherinka ba." Na ce Allah ya ba da haƙuri, na kashe waya. Bakin nan nawa da ba ya gajiya da surutu, yau ma ya ƙi.

Shi ya sa na rubuta a nan, inda ba zan iya mayar da ita wasa ba.

Anti, na san kina ganin shafin nan. Ki yi haƙuri da na haɗa miki da wannan a ranar da ba ki da ƙarfin ɗauka. Na ji tsoron in na bari ya kwana, zan sake binne shi. Bayan addu'ar uku zan kira ki. In ba ki ɗauka ba, na gane, ba kuma zan ga laifinki ba.

Ku kuma don Allah kada kowa ya rubuto min cewa ƙuruciya ce. Shekarata ashirin da uku a lokacin, da Alƙur'ani a kaina.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mukhtar. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya ciwon kafaɗar nan da ya ɗauka bai taɓa ƙorafi ba ya zama kankarar zunubi a gare shi. Ka raya abin da ya bari, ka ba Anti Bilki juriya. Ranar da za ka tsayar da mu, ka sanya ya ji gaskiyar, kuma ya sake faɗar abin da ya faɗa min a bakin Nilu.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya ambaci sunansa a sujadarsa ta yau. Shi za ku fara yi wa. In addu'a ta yi saura, ku tuna da ni.